Yatsan Inna a Kan Daddawa

Tun daga gaisuwa na ƙi mutumin. Ya durƙusa wa Kawu har ƙasa, ya tambayi gida, ya tambayi damina, ya tambayi ciniki, amma duk tsawon gaisuwar idonsa a kaina yake, yana auna ni yadda mahauci ke auna sa a kara. Ina zaune a kan buhun gero a rumfar Kawu, cikin kasuwar Tambuwal, inda nake taya shi awon hatsi tun da na baro tunga. Kawu yayan mahaifiyata ne, mutum ne mai kirki da son zumunci, sai dai cikinsa ba ya riƙe magana.

"Wanga shi na ɗan da nac ce maka," in ji Kawu. Ya juyo gare ni. "Ɗana, ga baƙo daga gidan rediyo, tun daga birni yat taso domin kai."

Na ce masa sannu da zuwa, ban ko miƙe ba. Inna tana can cikin tunga, kuma na san duk kalmar da ta fita daga bakina a kanta za ta sauka.

Ina ƙarami Baba ya kwashe mu daga wani ƙauye kusa da Sanyinna, ya sayar da shanunsa kaf, ya bi wani malami zuwa dajin da ke tsakanin Kebbe da Fakku. Nan suka sari daji suka kafa tunga. Ba mu ba ta suna ba, mu dai muna cewa ciki, sauran duniya kuwa waje. Sallarmu irin ta kowa ce, azuminmu irin na kowa, alƙiblarmu ɗaya da ta kowa. Abin da ya raba mu da mutane shi ne izini. Ba ka zuwa ta'aziyya sai da izinin Malam, ba ka sayar da akuyarka, ba ka kai ɗanka asibiti, ba ka raɗa wa jaririnka suna. Ba a cin yankan 'yan waje, ba a riƙe waya, ba a sauraron rediyo, don Malam ya ce ta nan Shaiɗan ke shiga gida.

Duk Alhamis bayan la'asar kuma akwai abin da ake kira wankin zuciya. Maza a ƙofar masallaci, mata a bayan zana, kowa ya faɗi abin da ya ga ɗan'uwansa ya yi a cikin makon. Wanda ya ce bai ga komai ba, to shi za a fara tuhuma, don haka kowa ya koyi ajiye ɗan laifin maƙwabcinsa saboda ranar. Wane ya yi dariya da Bafillacen da ya zo wucewa. Wance ta ce tana kewar ƙanwarta da ke waje. Ba a dukan kowa. A dai kalle ka, a yi shiru, sai ka ji ka fara kuka kana neman gafara a kan abin da kai kanka ba ka san laifi ba ne. A can na koyi kallon hannun mutum in yana magana maimakon bakinsa, kuma har yau halin bai bar ni ba. Matata tana cewa ko sannu aka yi mini sai na juya ta na duba bayanta.

Bayan rasuwar Baba, da na zama saurayi, Malam ya naɗa ni ɗan kasuwa. Mutum ɗaya ne tak ake bari ya fita. Ranar kasuwar Kebbe in ɗora wa jaki sana'ar matan tunga, daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, in sayar, in sayo gishiri da kanwa da kananzir da allura. Kafin in tashi kuma Malam yakan kira ni gefe da kansa, ya rage murya.

"Ka riƙo batir. Manya, na tocila."

Ina riƙowa, ban taɓa tambaya ba. Amma tocilar Malam na san ta, 'yar siririya ce, ƙananan batir take ci.

Malam yana da wata baiwa da muke alfahari da ita. Bayan sallar asuba yakan juyo ya ce an nuna masa wani babban mutum ya faɗi ya mutu a wata ƙasa, ko ruwa ya ci garuruwa a gabas, ko man fetur zai yi wuya. In na isa Kebbe sai in tarar zancen da ake yi ke nan. Farkon abin tsikar jikina tashi take yi, in dawo gida ina kabbara, in ba da labari, mutane su yi ta kuka don murna. Rannan ina ba wani mai gishiri labarin cewa Malaminmu ya riga ya faɗa tun da asuba, sai ya yi tsaki.

"Asuba? Ai tun jiya da rana anka faɗa rediyo."

Na haɗiye maganar, amma ta ƙi wucewa. Wata ranar kasuwa ciniki ya ƙare da wuri, na dawo rana tsaka, na tarar da zauren Malam ba kowa. Na shiga da saƙonsa a hannu. Daga cikin turakarsa sai na ji muryar mace tana karanta labarai da tatacciyar Hausa irin ta Kano, wadda babu macen tunga da ta iya ta. Na yi sallama. Muryar ta ɗauke a tsakiyar kalma.

Ban kai wannan wurin wankin zuciya ba, ban haukace ba. Inna kaɗai na gaya wa, na same ta a bayan ɗaki tana curin daddawa. Inna ba ta da na biyu a wannan aiki. Ta dafa kalwa har ta yi laushi, ta surfe ta da toka, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe ta da ganye har ta tashi, sannan ta kirɓa. Wajen curawa kowace mace tana danna babban yatsa a tsakiyar curin don ya baje ya bushe da wuri. Sauran mata da dama suke dannawa. Ita Inna don sauri da dama take gutsurowa ta aje a faifai, ta bi da hagu ta danna. Wannan yatsa na hagu kuwa lauje ya taɓa tsaga shi wajen yankan ciyawa, ya warke da tabo. Saboda haka duk daddawar Inna tana da wani ɗan lanƙwasasshen layi a cikin ramin, mai 'yar tsaga a ƙarshe. Ko a cikin kwando cike nakan ware tata, kuma na sha tsokanarta cewa tata ke fara ƙarewa.

Na gama ba ta labarin muryar da na ji, ba ta ɗaga kai ba, ba ta daina dannawa ba.

"Ni ba ni zuwa ko'ina," ta ce. "Ubanka nan anka rufe shi, kuma na yi ma Malam caffa, ba ni warware ta da tsufana. Kai ka san abin da kunnenka yaj jiya." Ta aje wani curin, ta danna. "Ka dai san hannuna ko? To in ka gane shi kasuwa, ina nan."

Mutane suna so in ce katanga na haura, ko an biyo ni da karnuka. Babu ko ɗaya. Wata ranar kasuwa na sayar da kaya, na sayi duk saƙon mutane har da batir ɗin Malam, na ɗaure jakin a gindin tsamiyar da ke bakin hanyar tunga, na juya na koma tasha na shiga motar Tambuwal. Ba wanda ya biyo ni. Na san abin da suka yi a bayana, don na ga an yi wa wasu. Kowane namiji yana da ƙwaryar furarsa a rataye a zauren masallaci. Sai a sauko da ita a kife a ƙofa, Malam ya ce wannan ya mutu. Daga ranar ba mai kama sunanka, kuma in an haɗu da kai ba a amsa maka ko sallama.

Wanda ya gaje ni a aikin kasuwa abokina ne na ƙuruciya, tare muka yi kiwon awaki. Ranar da na fara tsayawa a gaban kayansa, kallon bayana ya yi ta yi kamar babu mutum a wurin. Ba zai sayar mini ba, ba zai yi mini magana ba. Allah Ya haɗa ni da wata dattijuwa mai tuwo a tashar Kebbe, wadda ta saba sayen daddawar tunga kwando guda tun ina kawowa. Gwaggo nake ce mata. Duk ranar kasuwa in hau babur in je, in zauna a bayan rumfarta, ta turo mini kwandon da ƙafa. In yi ta juya curi ɗaya bayan ɗaya. Da na ga lanƙwasasshen layin nan sai numfashina ya dawo daidai, in ɗebi 'yan kaɗan in kai wa matata, mu sha miyar kuka. Shekaru muna haka. Ban ga fuskar Inna ba, ban ji muryarta ba, amma na san a makon nan ta tashi, ta hura wuta, ta riƙe taɓarya. Ban da Inna, mutum huɗu ne suka san da wannan: ni, da matata, da Gwaggo, da Kawu.

To wannan ne a raina ranar da Kawu ya kawo baƙonsa. Na so in ƙi, amma ba ka kunyata kawunka a gaban baƙo, kuma a gidansa na sami mafaka. Muka koma zauren Kawu. Mutumin ya aje waya da 'yar rikoda a kan tabarma, ya gyara zama.

"Ka saki jikinka, malam. Za mu canza maka murya, ba za mu faɗi sunanka ba. Yanzu gaya mini, ana ɗaure mutane da mari?"

Na ce ban taɓa gani ba.

"Makamai fa? Akwai inda suke ɓoye su?"

Na ce akwai fartanya da gatari da lauje.

Ya yi 'yar dariya, ya tambayi matan Malam nawa, na ce biyu. Ya tambaya ko gaskiya ne ana ba mutane wani ruwa su sha hankalinsu ya juya. Na ce rijiya ɗaya muke sha har da Malam. Nan na ga fuskarsa ta fara saki, kamar wanda ya sayi kankana ya fasa ya tarar da ita fara.

"To me ya sa ka gudu ke nan?"

Wallahi na yi ƙoƙari. Na ba shi labarin izini, da yadda dattijo mai furfura zai tsaya a ƙofar zaure yana jiran a ba shi damar zuwa jana'izar ɗan'uwansa har a rufe gawa. Na ba shi labarin wankin zuciya, da yadda kake kwana ɗaki ɗaya da mutum kana tattalin laifinsa. Ina magana yana latsa waya. Ya yi hamma ya rufe da bayan hannu.

"Ka gane, masu sauraro suna son abin da zai taɓa su. Wannan duk yana da kyau, amma ya yi sanyi."

Na ce masa abu ɗaya nake roƙo, kada a ambaci mahaifiyata ko da wasa, don Malam yana jin rediyo. Haba, sai ya kece da dariya har da buga cinya.

"Mutanen da suka haramta rediyo? Malam, mun yi bincike fa."

Na ba shi labarin batir da muryar da na ji a turaka. Ya saurara, ya ce abin sha'awa ne, amma zai rikita masu sauraro, don an riga an san irin waɗannan mutane ba su da hulɗa da zamani. Wa ya sani? Shi dai ya zo da mutanen tungarsa a cikin kai tun daga birni, ni kawai murya yake nema ya ɗora musu. Ya dafa ƙirji ya ce in kwantar da hankalina, uwa uwa ce, shi ma yana da ita. Ban ambaci daddawa ba ko sau ɗaya.

Kawu ya raka shi mota. Na tsaya a bakin zaure ina kallonsu, rakiyar ta ƙi ƙarewa. Can na ga Kawu ya buɗe tafin hagunsa, ya ɗora babban yatsansa na dama a tsakiya ya danna, ya sake dannawa. Mutumin kuwa ya sa hannu a aljihu ya sake zaro wayar da ya riga ya mayar. Da Kawu ya dawo na tambaye shi me suka tattauna.

"Hira ta kawai, ɗana. Kai komi sai ka yi mashi fassara."

An sa shirin da rana, muna kasuwa, na ji shi daga rediyon mai shayin da ke kusa da rumfarmu. Da wani kiɗa mai ban tsoro aka fara, da kukan iska. Sai muryar mutumin, ya ƙara mata kauri, yana cewa wata ƙungiyar asiri a cikin ƙurmin daji, mutanen da ba su san an ƙirƙiro rediyo ba. Ƙurmi? Gonakin gero ne da dawa, ana hango tungar daga kan hanya. Aka sako muryata, an mayar da ita kamar ta kwaɗo. Duk abin da na faɗa a kan izini da wankin zuciya an yanke, batir an yanke, an bar wurin da na ce ana kife ƙwarya a ce mutum ya mutu, aka maimaita shi da amsa-kuwwa. Har na fara cewa to da sauƙi. Sai kiɗan ya canza, aka sa sarewa mai taushi.

Muryar Kawu ce ta fito, ko ɓoye ta ba a yi sosai ba. Bayan shi mai shirin ya karɓa, yana jan magana yana rawar murya, wai akwai wata uwa a cikin wannan ƙungiya da ke aika wa ɗanta saƙon sirri a jikin daddawa, da tabon da ke babban yatsanta na dama, duk ranar kasuwar Kebbe.

Mudun da ke hannuna ban san lokacin da ya faɗi ba. Gero ya watse a ƙasa, kaji suka taso. Na juya na kalli Kawu, shi kuwa hawaye ne ke bin gemunsa.

"Ƙanwata ta!" ya ce. "In duniya taj ji, ai hukuma ta shiga, a fiddo ta. Har yaushe za mu yi ta leƙen kwando?"

"Kawu, wa ka zuwa? Wane laifi za su ce an yi? Ita da bakinta ba ta cewa an tsare ta!"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ji haushinsa har cikin ƙashina, na kuma ji tausayinsa, don na san son 'yar'uwarsa ne ya buɗe masa baki. Ba wanda ya zo daga hukuma. Abin da ya zo shi ne 'yan kallo. Wasu su tsaya a rumfa su yi mini jaje, wasu su tsaya nesa suna nuna ni da baki. Mai shayi ya fara kirana ɗan ƙungiya, da wasa wai, kuma ya tambaye ni a gaban mutane ko gaskiya ne ba ma wanke gawa. Shirin ya shiga wayoyi, an haɗa shi da hotunan wasu mutane masu rawani da takubba a cikin rairayi, Allah kaɗai Ya san daga inda aka kwaso su. Wani ɗan achaba ya nuna mini wani mai jan ido a ciki ya ce ko wannan ne Malam. Malam fa ɗan gajeren tsoho ne mai fara'a, wanda in ya gaishe ka sai ka ji kamar ka ba shi rigarka. Da mai jan ido ne, da Baba bai sayar da shanunsa ya bi shi ba.

Ranar kasuwa na isa Kebbe tun ba a gama kasa kaya ba. Gwaggo ba ta turo kwandon da ƙafa ba, da hannu ta ɗauko ta aje a gabana, ta koma bakin murhu ta ba ni baya. Na ɗauki curi na farko. Sumul. An baje shi da gindin kwalba, har zoben kwalbar ya fito. Na ɗauki na biyu, na uku, na juye kwandon duka a kan buhu. Babu yatsan kowa a jiki, ba na Inna kaɗai ba, duk matan tunga an hana su dannawa.

"Mutane sunka yi ta zuwa suna tambayar daddawar sirri," in ji Gwaggo, ba ta juyo ba. "Har da masu ɗaukar hoto. Yaron nan mai kawo kayan tunga bai ce masu uffan ba."

Mutanen da ba su san an ƙirƙiro rediyo ba ke nan. Ko mako ba a yi ba sun amsa.

Daga nan na koma neman Inna da harshe. In kai daddawar gida, matata ta kaɗa miya, in riƙe loma a baki ina lalube. Wata rana in ce wannan hannunta ne, tokar ta ji daidai. Wata rana in ture kwanon in ce ba ita ba ce. Matata ta gaji ta ce, "Maigida, kwando guda na, mata nawa ad da hannu ciki? Kai dai ka ci abinci." Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ji zafi. Ana cikin haka mutumin rediyo ya kira ni a waya, da fara'arsa, wai shirin ya karɓu ƙwarai, masu sauraro suna ta tambaya ko uwar ta sake aiko saƙo, suna so a yi kashi na biyu. Na kashe wayar.

Haka damina ta wuce, aka yi girbi, aka ɗaure dammuna. Ina zuwa Kebbe duk da haka, don zaman gida ya fi ciwo. Rannan ina isa Gwaggo ta ja ni can bayan rumfa, ta kwance bakin zanenta ta fito da curi ɗaya. Ta ce abokin nan nawa ne ya ba ta shi daban, kuma da zai tafi ya tsaya yana gyara wa jakinsa akumari, ya yi magana kamar da jakin yake. Ya ce Malam ya ce ƙofa a buɗe take ga wanda zai zo ya tuba a gaban jama'a, ya faɗa da bakinsa cewa abin da aka ji a waje ƙarya ne.

Na karɓi curin. Ga ramin yatsa a tsakiya, ga layi a ciki. Kai, ranar na yi kuka a tashar Kebbe, babba da ni, fasinjoji suna kallo. Na ce wa Gwaggo, tana nan, Inna tana nan! Na miƙe na nufi babur, na yanke shawara zan je, in durƙusa, in ce ƙarya ne, in ce duk abin da suke so, in dai zan ga fuskarta. Har na sa makulli.

Halin nan nawa da matata ke ƙorafi a kai, shi ya tsayar da ni. Na fito da curin cikin rana na sake dubawa. Layin a miƙe yake sambal, siriri, ba lanƙwasa, ba 'yar tsagar nan ta ƙarshe, kamar an ja shi da tsinken tsintsiya. Na ce wataƙila idona ne, wataƙila bushewa ce ta ja shi. Na koma rumfa na roƙi Gwaggo ɗan ragowar tuwo, na mulmula biyu na aje a faifai. Na danna ɗaya da hagu, ɗaya da dama, na jera su kusa da daddawar. Ramin hagu gefe guda yake karkata, na dama ɗaya gefen. Shekaru ina kallon na Inna, na san inda yake kwantawa. Wannan da dama aka danna shi.

Da dama Kawu ya nuna a bakin mota, dama aka faɗa a rediyo. Wanda ya ba da umarnin yin wannan curin bai taɓa duban hannun Inna ba, a rediyo ya ji labarinsa.

Na zauna a kan bencin Gwaggo har aka kira azahar ban motsa ba. Matan tunga duk sun san yatsan da ke da tabo, tare suke aiki. Wataƙila wadda aka sa ta yi shi ta bi umarni yadda aka ba ta, ta yi shiru, don in na duba in gane. Wannan ban sani ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya. Abin da na sani shi ne, da Inna tana nan kuma ta yarda a kira ni da hannunta, da ba su buƙaci tsinke ba. Sai su miƙa mata curin ta danna.

Ban je ba. Na ɗauki curin na taka har inda abokina ya kasa kayansa, na tsuguna a gabansa, na aje shi a kan buhu. Na kira shi da sunan da muke kiran juna wajen kiwo. Na ce, "Don Allah, don zumuncin da munka yi, ba sai ka yi magana ba. In tana raye ka ɗaga kai ka dube ni." Bai ɗaga ba. Amma ai ko da can ba ya ɗagawa, don haka wannan ma bai gaya mini komai ba. Na ga dai hannunsa ya kasa ɗaure bakin buhun kuka, yana ta kamawa igiyar tana zamewa.

Kawu ya ce in je ko da tarko ne, ni kuma na ce in na je na tuba a gaban jama'a na tarar da kabari, to na ba su abin da suke so a banza, in kuma na tarar da ita, na ɓata mata abin da ta tsaya a kai. Har yanzu muna awo a rumfa ɗaya, muna gaisawa, amma ba ya iya haɗa ido da ni in an kunna rediyo. Curin yana nan cikin wani gwangwanin madara a ɗakina. Matata ta taɓa tambaya ko ta sa shi a miya kafin ya lalace, na ce ta bar shi.

Ɗayan biyu ne kawai. Ko Inna ta rasu an rufe ta kusa da Baba ba wanda ya gaya mini, ko kuwa an kawo mata curin, ta gane abin da ake nufi da shi, ta naɗe hannunta cikin zane ta ƙi. Na san abin da ƙin nan zai jawo mata duk ranar Alhamis, tsohuwa ita kaɗai a bayan zana, kowa yana faɗin laifinta. Duk da haka, bayan kowace sallah abin da nake roƙon Allah ke nan, Ya sa ƙi ta yi.